Aron Uwar Ladi

Makera, Kaduna
12 ga Mayu, 1957

Zuwa ga ƙanwata Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya tarin? Ina fata allurar da suke yi miki tana aiki. Mijinki Jethro yana lafiya, ya bi jirgin ƙasan da yake aiki a ciki zuwa Minna, sai jibi zai sauka. Yaranki ma lafiyarsu ƙalau, har ta yi musu yawa.

Kin san da girmana na koyi rubutu a ajin matan coci, ban iya kwana-kwana a takarda ba. Saboda haka zan faɗa miki kai tsaye: 'ya'yan nan naki sun ishe ni.

Ranar da Jethro ya zo ƙauye ya ce likita ta kwantar da ke, ba mai riƙe Ernest da Judith, ban tsaya shawara da kowa ba. Na bar wa Nuhu mijina gonar citta ko shuka ba mu gama ba, na miƙa 'yata Ladi ga kakarta, na biyo shi. An ce mini wata ɗaya ne, in ya yi yawa biyu. Ban zo don a yi mini guɗa ba. Amma kuma ban zo don a mai da ni tsumman goge ƙafa ba.

Da asuba nake zuwa layin famfo, in sha cacar baki da matan barikin 'yan jirgi kafin in cika tulu. In dawo in hura wuta, in ɗumama musu ruwan wanka. Judith ta sa yatsa ɗaya ta ce, "Ya yi zafi." In sirka, ta ce, "Ya yi sanyi, ba haka Mama take yi ba." Na tuƙa tuwon acca da na ɗauko tun daga gida a ka, na yi miyar karkashi. Ta leƙa kwanon ta ce, "Wannan majina ce?" Su burodi suke so da shayi. Ranar da babu, sai maƙwabta su ɗauka mutuwa aka yi a gidan.

Wandon makarantar Ernest ya yage a baya, na zauna na yi masa faci har idona ya yi ruwa. Ya ɗaga ya duba, ya jefar a ƙasa, wai abokansa za su ce an ɗinka masa buhu.

Duk wannan na shanye. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na jiya. Na kai masa abinci makaranta don ya manta shi a gida, ina haki, rana tana dukana. Wani yaro ya tambaye shi, "Wace ce wannan?" Ina tsaye, ina ji da kunnena, Ernest ya ce, "'Yar aikinmu ce." Ya karɓi kwano ya juya.

Ban taɓa shi ba, don ba na so a ce uwarsu tana kwance na dake su. Iya Kulu mai koko, maƙwabciyarku, ita ta ga idona da na dawo, ta zaunar da ni ta ba ni ruwa.

Ki tambayi likita yaushe za ta sallame ki. Allah ya tashi kafaɗunki.

Ni ce yayarki,
Asabe

*

Asibitin mishan, Zariya
21 ga Mayu, 1957

Yayata abar ƙaunata,

Na gode wa Allah da ya sa kuna lafiya. Takardarki ta iso, na karanta na sake karantawa. Jikina da sauƙi, zazzaɓin yamma ya ragu, sai dai har yanzu nakan ga jini kaɗan in na yi tari da safe. Likita ta ce kada in sa rai da fita kafin ƙarshen damina. Ba a yarda yara su zo ɓangarenmu ba, ko ta taga. Ki yi haƙuri, Yaya, na san ba haka muka shirya ba.

Maganar da Ernest ya yi ta ƙona mini rai, har na kasa cin abincin rana. Amma ki tuna shekararsa takwas, Judith kuma shida. A Kaduna aka haife su, famfo suka buɗe ido suka gani, rabonsu da ƙauye tun Judith tana goye. Ba duka ne rashin kunya ba, rabi kewa ce. Judith ba ta taɓa yin barci ba tare da ta riƙe bakin zanena ba.

Ina ganin matsalar ita ce ba su san ko ke wace ce a wurina ba. Ki zaunar da su ki ba su labari. Ki faɗa musu yadda Baba ya ce mutum ɗaya za a kai makarantar mishan, ɗaya ta zauna a gona, kika ce a kai ni. Ki faɗa musu yadda kike goya ni ki ƙetare rafi da damina, ruwa har ƙirjinki, don kada littafina ya jiƙe. In sun ji wannan, zuciyarsu za ta yi laushi. Zan kuma rubuta wa Jethro ya tsaya a kan tarbiyyarsu, ya koya musu godiya.

Wasu 'yan abubuwa da za su rage miki wahala. Judith tana son kunu ba tsami sosai. Ruwan wankanta, ki gwada da gwiwar hannu. Facin wando kuma, in aka yi shi ta ciki ba ya nunawa.

Ki shafa mini kawunansu. Ki rubuto mini ko haƙorin Judith na gaba ya fita. Ki gaida Iya Kulu.

Taki har kullum,
Saratu

*

Makera
19 ga Yuni, 1957

Saratu,

Ina gaishe ki, ina yi miki addu'a. Haƙorin ya fita. Faci na juya shi ciki. Na gode da darasi, ashe duk shekarun nan ban iya gwada ruwa ba.

Yanzu ki faɗa mini, me kika rubuta wa mijinki? Domin tun da takardarki ta zo, gidan nan ya zama filin faretin soja.

Kullum da safe in yana gari, sai ya jera su a tsakar gida, hannu a ƙirji, ya sa ni zama a kan turmi kamar wata sarauniya. Ya ɗaga yatsa, su kuma su rera: "Mun gode Inna domin ruwa. Mun gode Inna domin wuta. Mun gode Inna domin abinci da wanki. Allah ya sāka." Wanda ya yi tuntuɓe a sake daga farko. Ga tsumagiya a hannunsa. Ni kuwa kunu yana can yana kamawa a tukunya, ba dama in tashi sai an gama gode mini.

In ya tafi aiki, ya ce su ci gaba. Suna yi kuwa. Judith takan yi nata da harshe a waje ta gurbin haƙorin nan. Ernest na kama shi ranar Talata ya durƙusa gaban agwagwar Iya Kulu yana cewa, "Mun gode Inna domin wuta." Yaran unguwa sun haddace. Ina ɗauke da tulu za su biyo ni a baya suna rerawa. A layin famfo yanzu ba mai kirana Asabe, sai Mungode. Har mai nama a kasuwar Kakuri ya ce mini, "Mungode, yau na nawa?"

Labarin rafi ma na ba su, yadda kika ce. Na zaunar da su bayan cin abinci na fara. Ban kai tsakiyar rafin ba Judith ta yi barci. Ernest ya saurara har ƙarshe, na ce to, yau an dace. Sai ya ce, "To ke me ya sa ba ki ce ke za ki je makarantar ba? Ai ke ce babba. Wa ya hana ki?" Na ce ya tashi ya wanke ƙafa.

Malam Isiyaku, mai sayen citta a wajenmu, ya shigo Kaduna ya kawo mini saƙon Nuhu. Ciyawa ta fi ƙarfinsa shi kaɗai. Ya kuma ce duk ranar kasuwa Ladi takan je ta zauna a kan dutsen nan na bakin hanya, ta duba duk macen da ta sauko daga mota, sai kakarta ta je ta janyo ta. Na sayi ɗan yadi mai fure, ina ɗinka mata riga kaɗan-kaɗan in na sami sarari, Malam Isiyaku zai kai mata in zai koma.

Ki rubuta wa mijinki ya daina wannan fareti. Ni in na faɗa, cewa yake, "Yaya, tarbiyya ce."

Allah ya ƙara sauƙi.

Asabe

*

Makera, Kaduna
16 ga Yuli, 1957

Zuwa ga maiɗakina Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina samun sauƙi, ina rubuto miki ne game da wani al'amari da ya faru a gida, wanda nake ganin ya kamata ki sani.

Ranar Asabar na sauka daga aiki, ko ƙurar gawayi ban wanke ba, na tarar Yaya Asabe ta ɗaure kayanta ta koma ɗakin Iya Kulu. Da na bincika, sai aka ce Judith ce ta sa almakashi ta yanke wata riga da Yaya take ɗinkawa. Na hukunta Judith nan take, na kai ta ta ba da haƙuri. Yaya ta ce in saki yarinya. Na ce mata gobe zan shiga kasuwa in sayo yadi wanda ya fi wancan. Ta dube ni kawai, ta juya mini baya. Har yanzu ban gane laifin wannan magana ba.

Na roƙi hutu a wurin aiki, da ƙyar aka ba ni. Ni na riƙe gidan har ta huce. Ina sanar da ke cewa shinkafar da na dafa ta ƙone a ƙasa, sama kuma ɗanya. Na je famfo, matan suka ce namiji ba shi da layi, kowacce ta shiga gabana. Judith ta je coci da kai a tsefe, matar fasto ta kira ni gefe ta yi mini magana.

Yaya ta dawo jiya da kanta, amma da sharaɗi: kada a sake yin godiyar safe. Na amince, ko da yake ina ganin tsarin ya fara aiki, don sun haddace shi ba kuskure.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaran. Sun yi wani irin shiru da ban saba gani ba, kuma ba na jin dukan ne ya jawo shi. Ki rubuta wa Yaya ki lallashe ta. In ta tafi, ban san yadda zan yi ba.

Ki riƙa cin abinci, ki bi umarnin likita.

Ni ne mijinki,
Jethro

*

Makera
28 ga Yuli, 1957

Saratu,

Gaisuwa. Na sami takardarki ta ban haƙuri, wadda kika cika da ayoyi. Na gode. Amma ke ma kamar mijinki, kin ɗauka maganar yadi ce. Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Rigar saura hannu ɗaya in gama. Da yake ban ga Ladi ba tun Afrilu, ban san yadda ta girma ba, sai nakan kira Judith in gwada a bayanta, in rage kaɗan. Ashe ita ta ɗauka tata ce. Ranar Juma'a ta ce, "Inna, da ita zan je coci jibi?" Na ce, "Ba taki ba ce." Ban ƙara ba, ina sauri tuwo zai kama. Washegari na dawo daga famfo na tarar da ita a ƙasan gado da almakashi. Ta yanke gaban rigar tun daga wuya har ƙasa, ta tsinke hannun.

Ban yi ihu ba. Na zauna a ƙasa da rigar a cinya, sai ga hawaye. Ba su taɓa ganin na yi kuka ba. Ernest ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

Judith ta ce, "To ai ke kika ce ba tawa ba ce. Ta wace ce?"

Na ce, "Ta Ladi ce."

"Wace ce Ladi?"

"'Yata."

Suka dubi juna. Ernest ya ce, "Inna, kina da 'ya?"

Na ce ina da ita, shekararta biyar, ita kaɗai Allah ya bar mini.

Judith ta matso. "Tana ina?"

"Tana ƙauye."

"Wa yake yi mata wanka?"

"Kakarta, in bayanta bai tashi ba."

"Wa yake yi mata kitso?"

Na ce ban sani ba. Tana ta juya almakashin. Can ta ce, "Ita ma mamarta an kwantar da ita ne?"

Na ce, "Mamarta lafiyarta ƙalau. Ga ta nan zaune, ita ce take sirka miki ruwa."

Daga nan na ji in na ƙara minti ɗaya a ɗakin zan faɗi abin da ba shi da kyau, shi ya sa na koma wurin Iya Kulu.

Saratu, wata uku ina cikin gidan nan, yaranki ba su san ina da 'ya ba. Ni ban faɗa ba don in na ambaci sunanta kewarta takan fi ƙarfina. Jethro bai faɗa ba, yana can yana koya musu waƙar ruwa da wuta. Ke kuma fa? Na ɗauko takardunki duka na sake dubawa. Kin tambayi haƙorin Judith, kin tambayi tarin Ernest, kin gaida Iya Kulu, har agwagwa kin tambaya. Ba inda kika ce, "Yaya Ladi?" Na san kina kwance, na san ciwo yakan sa mutum ya ga kansa kawai. Amma kina so yara su koyi abin da ba su taɓa ji a bakin manyansu ba.

Kada ki ɗauka sun zama mala'iku. Ernest ya ce shi zai riƙa ɗebo ruwa, ranar farko ya fasa tulun. Judith kuwa ta ishe ni da tambaya: Ladi tana da takalmi? Tana tsoron kare? Ta fi ni tsawo? Yanzu bakin zanena take riƙewa in za ta yi barci, ko juyi ba na iya yi.

Malam Isiyaku ya sake zuwa. Na tambaye shi ko Ladi tana nan tana zuwa bakin hanya. Ya sunkuyar da kai ya ce ta daina. Ba ta ma tambayata.

An kusa ba da hutun makaranta. Zan tafi gida in gan ta, kuma da yaranki zan tafi, tunda ba inda zan ajiye su. Ba izini nake nema ba, sanar da ke nake yi.

Yayarki,
Asabe

*

Asibitin mishan, Zariya
5 ga Agusta, 1957

Yaya,

Ina gaishe ki, ko da yake kunya ta hana ni sanin ta inda zan fara. Na nemi abin da zan kāre kaina da shi, ban samu ba. Gaskiya kika faɗa.

Yaya Ladi? Ta yi tsawo? Har yanzu tana tsotsar yatsa? Me take so in saƙa mata? An koya mana saƙa a nan don kada zaman ya kashe mu, ina da zare ja da shuɗi.

Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Kada ki lallaɓa su a can. Abin da Ladi take ci su ci, inda take kwana su kwana. Ki gaida Nuhu, ki ce masa na san abin da na ɗauke masa a tsakiyar damina. Ki gaida kakar Ladi da kyau.

Likita ta ce hoton ƙirjina ya fi na da kyau. Wataƙila Nuwamba.

Ƙanwarki,
Saratu

*

Ƙauye, ta hannun faston Kwoi
8 ga Satumba, 1957

Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na ji daɗin labarin hoton ƙirji. Ki duba daga inda nake rubuto miki, za ki ga ban koma Kaduna ba. Ga yadda aka yi.

Mun sauka Kafanchan, muka hau motar kasuwa. Judith ta yi amai a kan buhun wata mata, Ernest ya yi ta tambaya ko an kusa har direba ya ce zai sauke shi. Duk ban ji ba, hankalina yana gida.

Na tarar da Ladi a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa da kakarta. Ta rame, kanta ya cukurkuɗe. Na ajiye kaya na durƙusa na buɗe hannu, na kira sunanta. Ta dube ni, ta dubi Judith da take riƙe da zanena. Sai ta tashi ta koma bayan kakarta.

Judith ta ce, "Ladi, ga mamarki fa!"

Ladi ta amsa da yarenmu, ba ta ko ɗaga kai ba. Judith ta ce, "Me ta ce?" Na ƙi faɗa. Ernest yana tsintar yaren kaɗan-kaɗan, shi ya fassara mata: "Ta ce ba mamarta ba ce, mamar 'yan Kaduna ce."

Haka muka zauna. In na zuba mata abinci, sai ta kai wa kakarta ta sake miƙo mata kafin ta ci. Da Judith kuwa suna wasa, ba mai jin yaren wani, amma tare suke wuni.

Yaranki sun ci tuwon acca, yunwa ta koya musu. Sun yi ƙorafin sauro, sun yi na duhu, Judith ta ce ba za ta shiga bayan gida ba sai an kawo mata na bariki. Nuhu ya tafi da Ernest gona. Ya ga gefe ɗaya a nome, ɗaya kuma ciyawa ta kai masa ƙugu. Ya ce, "Wannan ta wane rago ce?" Nuhu ya ce, "Ta Innarku ce." Washegari ya ɗauki fartanya ya tafi shi kaɗai don ya taimaka. Ya tuge ciyawa, ya tuge citta, duka ya tara waje ɗaya yana jiran yabo. Nuhu ya riƙe kai. Ni kuwa na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Da hutu ya ƙare Jethro ya zo ɗaukarmu. Na ɗaure kayana na fito da su tsakar gida. Ladi ta ga ƙullin. Ba ta yi kuka ba, ta shige ɗaki kawai ta juya fuska ga bango. Da ma ta yi kukan, da ya fi mini sauƙi.

Ina shirin ɗora kaya a ka, sai Ernest ya zo ya zauna a kansu.

Jethro ya ce, "Tashi, mota za ta wuce."

Ya ce, "Baba, Inna ba za ta bi mu ba."

"Wa zai dafa muku? Ni ina kan hanya rabin mako."

"Mu roƙi Iya Kulu. In ba ka nan mu kwana a ɗakinta. Ni zan riƙa ɗebo mata ruwa."

"Kai da ka fasa tulu?"

"Da bokiti zan je."

Jethro ya juya ga Judith, yana tsammanin ita za ta rushe maganar. Tana riƙe da zanena da hannu biyu, tana kuka har da shessheƙa. Ya ce, "Ke fa, kin yarda Inna ta zauna?" Sai ta saki zanen, ta ɓoye hannuwanta a baya, ta gyaɗa kai.

Mijinki ya gyara murya ya ce, "To, ku tsaya ku ce mun..." Na ce, "Jethro, in ka ƙarasa, da muciya zan raka ka mota." Suka tafi. Judith tana waiwaye har suka sha kwana.

Jethro ya aiko cewa Iya Kulu ta karɓe su hannu biyu, ta ce da ma ta gaji da zama ita da agwagwa. Ki rubuta mata, ki sa a karanta mata.

Ladi har yau ba ta zo wurina ba. Takan tsaya daga nesa tana kallona in ina tuƙi, in na ɗago ta gudu. Kakarta ta ce in ba ta lokaci. Ina ba ta. Zaren saƙar da kika tambaya, shuɗi take so, in ji kakar.

Yayarki,
Asabe

*

Makera, Kaduna
24 ga Nuwamba, 1957

Yaya,

Ina gaishe ki da Nuhu da Ladi da kakarta. An sallame ni, ina gida. Hular Ladi tana wurin Malam Isiyaku. Zan rubuto miki doguwa in na huta. Takardar da ke ciki ba taki ba ce, ki karanta wa mai ita da yarenmu. Yaran ne suka rubuta, ba wanda ya sa su. Sun ɓata mini takardu, sun zubar da tawada a zanen gado, sun kuma hana ni gyara ko kalma ɗaya.

Saratu

Zuwa ga Ladi,

Muna gaishe ki. Ni ne Ernest nake rubutawa, Judith tana faɗa mini nata.

Mamarmu ta dawo. Ta rame amma tana tafiya da kanta. Da ta shigo, Judith ta ɓuya a bayan ƙofa ta ƙi fitowa sai da aka daɗe. Ta ce in faɗa miki ita ma ba ta san abin da ya sa ba.

Ladi, Inna ba ta ƙi ki ba. Tana ta so ta zo, mu ne muka riƙe ta, kuma ba mu tambaye ki ba. In za ki yi fushi, ki yi da mu. Judith ta ce in mun zo Kirsimeti kina iya dukanta, amma ban da kai.

Ki je wurin mamarki.

Mu ne,
Ernest da Judith